A KWASHE FAYILOLIN AYYUKA DAGA LAFTOF A ZUBA A RUMBU ƊAYA: INA GOYON BAYA, AMMA DA SHARAƊI

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, a yi min haƙuri. Wanda yake sauri ya ajiye sai bayan isha'i.

Makon nan aka zagayo da takarda a ofishinmu cewa duk wanda yake riƙe da tsarin wani aiki, wato jadawalin nan da ke nuna me za a yi, yaushe za a fara, yaushe za a gama, wa zai yi, nawa zai ci, to ya kwashe fayil ɗin daga laftof ɗinsa ya ɗora a rumbun adana bayanai guda ɗaya na ma'aikata. Abin nan dai da ake kira saba, wadda tun shari'ar zaɓen 2019 ko tsoho a ƙauye ya ji sunanta a rediyo. Tun da takardar ta fito ofis ya ɗau ɗumi. A baranda gunaguni, a wurin mai shayi gunaguni, bayan sallar azahar ma da an shafa fatiha sai a dasa daga inda aka tsaya.

Ni dai ina goyon baya, kuma ba don oga ya ce na yi ladabi ba. Akwai abin da na gani da idona, shi zan fara ba ku.

Shekaru kaɗan da suka wuce muna da wani abokin aiki, injiniya, mutumin kirki, Allah Ya jiƙansa da rahama. Shi ke kula da aikin wata hanyar karkara mai kwalbatoci. Mutum ne mai tsari ƙwarai, komai yana cikin laftof ɗinsa: jadawalin aiki, gyare-gyaren da aka yi bayan an je an ga wurin, kwanakin da aka ƙara wa ɗan kwangila, hotuna, komai da komai. Fayil ɗin takarda da ke ofishin rajista kuwa, in ka cire takardar ba da kwangila da ta biyan kuɗin fara aiki, sai 'yan rubuce-rubucen "a duba" da "a kawo bayani". Ranar Alhamis muka rabu lafiya, ranar Asabar aka kira mu jana'iza.

Bayan kamar mako biyu darakta ya kira ni ya ce, "Malam, kai kuka fi shiri da marigayi, ka je ka karɓo mana kwamfutarsa." Wallahi tun da na fara aiki ba a taɓa yi min aike mai nauyin wannan ba. Ka je gidan da mace take takaba, ka yi gaisuwa, sannan ka buɗe baki ka ce laftof ta kawo ka. Na sami ƙaninsa a ƙofar gida, na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, ai wannan kwamfutar da kuɗinsa ya saya, tana cikin kayan gado. Sai an tambayi Hajiya." Kuma gaskiyarsa ce. Kwamfuta ta magada ce, abin da ke cikinta na gwamnati ne, kuma ba wanda ya taɓa zama ya yi tunanin ranar da za a raba su.

Sun yi mana karamci, sun bayar. Sai ga matsalar kalmar sirri, ba wanda ya san ta. Aka kai wa masu gyara suka buɗe da ƙyar. Da muka shiga, fayil biyar muka tarar na aiki ɗaya: "na ƙarshe", "na ƙarshe sabo", "na ƙarshe bayan mitin", "na oga", da wani da ba suna sai kwanan wata. Kowanne da ranar gama aikinsa daban. Ana cikin haka ɗan kwangila ya zo da na shida, bugagge a takarda, ya ce shi ne suka yi ittifaƙi da marigayi, har da ƙarin kuɗi a ciki. Wa zai ƙaryata shi? Wa zai gaskata shi? Mai shaidar yana kabari.

Aka kafa kwamiti. Kun dai san kwamiti. Kafin ya gama zama damina ta sauka, ruwa ya tafi da kwalbatin da aka yi rabi aka bari. Mutanen garuruwan nan ba su san wata laftof ba, ba su san kalmar sirri ba. Abin da suka sani shi ne an yi musu alkawarin hanya, kuma a daminar nan mai naƙuda sai an ɗauke ta an ratsa ruwa da ita kafin a kai ga mota.

Tun daga ranar na daina kallon maganar inda ake ajiye fayil a matsayin ƙaramar magana.

Kuma kada wani ya ɗauka ofishinmu ne kawai. A 2011 kwamitin da shugaban ƙasa ya kafa don duba ayyukan gwamnatin tarayya, ƙarƙashin Ibrahim Bunu, ya ƙirga ayyuka 11,886 da ba a kammala ba. Ban ce ɓatan fayil ne ya jawo duka ba. Akwai rashin sakin kuɗi, akwai canjin gwamnati, akwai ci da ceto. Amma ɓatan tarihin aiki shi ne bargon da ke rufe sauran laifuffukan. In ba a san me aka tsara tun farko ba, ba za a san wa ya kauce ba.

To mene ne ma bambancin? Bari in yi bayani don waɗanda ba aikinsu ba ne.

Yawancinmu da Excel muke jadawali, masu ɗan zurfi kuma da Microsoft Project. Kowa da nasa fayil a kwamfutarsa. In oga yana so, a tura masa ta WhatsApp ko a sa a filashi. Ya gyara nasa, kai ma ka gyara naka, akanta ya gyara nasa. Kafin wata guda aiki ɗaya ya haifi 'ya'ya biyar, ba wanda ya san ɗan halak a cikinsu.

A saba kuwa kwafi ɗaya ne. In za ka gyara sai ka ɗauko shi da sunanka, ya zama a hannunka yake, saura sai dai su karanta, ba su iya taɓawa. In ka gama ka mayar, ka wallafa, kowa ya ga sabon. Kamar dai yadda ake sa hannu a littafin rajista kafin masinja ya fita da fayil, sai dai wannan littafin ba a yage masa shafi cikin sauƙi. Na biyu, ana kulle tsarin asali, wato ranakun da kuɗin da aka amince da su ranar da aka fara. Duk abin da ya canza daga baya ana auna shi da wannan, sai a ga ƙarara cewa aikin nan ya makara da kwana kaza, kuɗinsa ya haura da kaza. Na uku, wanda ni ya fi burge ni: ma'aikata da kayan aiki suna cikin jeri ɗaya da dukkan ayyuka ke ɗiba daga ciki. A nan ne za ka ga an rubuta injiniya ɗaya yana duba ayyuka uku a ƙananan hukumomi uku a mako ɗaya, kowanne cikakken lokaci. A nan za ka ga motar awo ɗaya tana wuri biyu rana ɗaya. Muddin kowa na riƙe da nasa fayil, kowane jadawali shi kaɗai yana da kyau. Sai an jera su wuri ɗaya ƙarya take bayyana.

Yanzu mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu ma'aikata. Rabin gunagunin nan ba na wuta ko na sabis ba ne. A aikin gwamnati fayil mulki ne. Wanda shi kaɗai ya san inda aiki ya kwana, ba a yi masa canjin wurin aiki da wasa. Shi ake ɗauka a tafi taro da shi, shi ke cikin tafiyar duba aiki da alawus ɗinta, shi ɗan kwangila ke gaisarwa da sallah. Akwai wanda in ya tafi hutu sashe guda ya tsaya, kuma yana jin daɗin hakan, yana ganin daraja ce. Ban cire kaina ba. Ni ma na taɓa jin daɗin a ce "sai wane ya zo". Daɗi ne da shi, ba ƙarya. Amma in ka zauna ka yi tunani, albashi ake biyanka ka yi jadawalin nan, da lokacin gwamnati ka yi shi, don aikin jama'a. Amana ce aka ba ka riƙo. Ranar da ka mayar da ita garkuwar kujerarka, ka fara ci daga cikinta ko da ba ka taɓa kwabo ba.

Akwai kuma waɗanda tsoronsu ya fi wannan. Saba tana rubuta wa ya taɓa fayil, yaushe ya taɓa. Mai son ya matsar da ranar gama aiki a asirce, ko ya mayar da kashi 40 ya koma kashi 70 daren da za a rubuta takardar biya, ba zai so wurin da ke ajiye sawun ƙafa ba. Waɗannan ba ni da abin ce musu sai Allah Ya shirye mu baki ɗaya.

Amma fa ba duk mai ƙorafi ne mai ɓoye-ɓoye ba. Akwai ƙorafe-ƙorafe na gaskiya, kuma in shugabanni suka yi kunnen uwar shegu da su, abin nan zai mutu a hannunsu.

Na farko wuta da intanet. Mu da ke hedikwata muna da janareta, wani lokacin. Jami'in da ke ofishin shiyya fa, wanda sai ya fito bakin titi yake samun sabis? Da datar wa zai ɗora fayil? In da ta aljihunsa ce, sau biyu zai yi ya daina, kuma ba zan ga laifinsa ba. Dole a ba shi data, a kuma tsara yadda zai yi aikinsa ba intanet, in ya samu sabis ya ɗora.

Na biyu sirri. Rumbu ɗaya ba yana nufin kowa ya ga komai ba. Ƙiyasin kuɗin aikin da ba a riga an buɗe tayinsa ba, in ya fita, an gama da gasar tun kafin a fara, kuma dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 don gasa ta gaskiya aka yi ta. Fayilolin nan kuma suna ɗauke da sunayen ma'aikata da lambobinsu, ga dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Saboda haka a fayyace wa zai karanta, wa zai gyara, wa zai amince. Kuma don Allah a daina al'adar nan ta kalmar sirri ɗaya ga sashe guda, a rubuce a jikin kalanda. In mutum goma na shiga da suna ɗaya, littafin sawun ya zama banza.

Na uku manyanmu da ba su saba da kwamfuta ba. Akwai mutumin da ya shekara talatin yana duba gini, da ido zai gaya maka simintin nan an rage, amma linzamin kwamfuta na ba shi wahala. In aka bar tsarin nan ya zama abin kunyata irinsu a gaban yara, za su yaƙe shi a ɓoye, kuma za su ci nasara, don su suka san hanyoyin ofis. A haɗa kowane babba da matashi ɗaya, wannan ya kawo sanin aiki, wancan ya kawo hannu. Horon kwana biyu a otal da jaka da biro ba zai yi ba.

Na huɗu, wanda ya fi ba ni tsoro: kada sabar kanta ta zama wata kwangilar. Mun sha gani. A sayo na'ura mai tsada, a yanka kyalle, a ɗau hoto, bayan shekara lasisi ya ƙare, babu kuɗin sabuntawa a kasafi, wanda ya kafa ta ya tafi da makullin. Wato an gudu ba a tsira ba: da fayil yana aljihun ma'aikaci, yanzu ma'aikata gaba ɗaya tana aljihun ɗan kwangila. Ko manyan kamfanonin duniya ma suna rufe shago, ga Microsoft nan ta sanar da rufe Project Online a ƙarshen Satumbar 2026. Don haka kafin a sa hannu da kowa a tambaya: a ina bayananmu za su zauna? In mun rabu, a wace siga za a ba mu kayanmu? Da naira za mu biya ko da dala? Ƙa'idojin NITDA tun 2013 sun ce bayanan gwamnati a cikin ƙasa za a ajiye su, kuma Galaxy Backbone da aka kafa a 2006 don irin wannan hidimar aka yi ta. A fara duba na gida kafin a tsallaka.

Masu cewa "wannan ma zai wuce kamar sauran", ku duba baya kaɗan. Lokacin da aka tilasta asusun bai-ɗaya na TSA a 2015 haka aka yi ta cewa ba zai yiwu ba, yau ga shi ya zauna. IPPIS da aka fara a 2007 ya tono ma'aikatan bogi, amma kuma ya wahalar da masu gaskiya da yawa, malaman jami'a suka yi ta faɗa da shi har gwamnati ta amince a cire manyan makarantu daga ciki a Disambar 2023. Darasi biyu ke nan a wuri ɗaya: tattara abu wuri guda yana toshe ɓaraka, amma in aka ƙi sauraron masu aiki da shi, rigima ba ta ƙarewa. Ga kuma Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, da ta sa 31 ga Disambar 2025 a matsayin wa'adin ma'aikatun tarayya su bar aiki da takarda. Inda aka dosa ke nan, ko muna so ko ba ma so. Abin da ya rage mana shi ne mu sa baki a yi shi daidai.

To ga shawarata, a matsayina na wanda ya taɓa zuwa gidan makoki neman laftof.

Kada a kwashi komai a zuba haka nan. Manomi ba ya zuba hatsi a rumbu sai ya sheƙe. Kowane aiki a zauna, jami'in aiki da akanta da mai duba aiki, a fitar da fayil ɗaya a ce wannan ne na gaskiya, shugaban sashe ya sa hannu. Sauran a ajiye su a gefe a matsayin tarihi, kada a goge, wata rana mai binciken kuɗi zai tambaya.

A daidaita suna kafin a ɗora. Mutum ɗaya a fayil ɗin wane "Injiniya", a na wane sunansa na yanka, a na wane laƙabinsa. In aka ɗora haka saba za ta ɗauka mutum uku ne, an rasa amfanin jerin ke nan. Haka sunan aiki: lambar kwangila, wuri, shekara, shi ke nan. A yi jana'izar "na ƙarshe sabo".

A daidaita kalanda. Manhajar nan ba ta san Sallah ba, ba ta san ranar Juma'a aiki na raguwa ba, ba ta san ba a zuba kwalta a tsakiyar Agusta ba, sai an gaya mata. In kowa ya zo da kalandarsa, da an haɗa ranakun za su goce, a ce kwamfuta ta yi ƙarya alhali mu muka ba ta.

A fara da ayyuka biyar ko shida da ke gudana, a ga inda yake yoyo, a gyara, sannan a ɗora saura. A sa ranar da daga ita duk jadawalin da ba ya saba ba a san da shi ba.

A yi kwafin ko-ta-kwana a wani gini daban, kuma lokaci-lokaci a gwada dawo da shi a ga yana buɗewa. Rumbu ɗaya in ya kama wuta, asarar ta fi ta laftof ɗaya.

Na ƙarshe, kuma duk ya fi: oga da kansa ya shiga. Ranka ya daɗe, da girmamawa nake faɗa. In ka ba da umarni a ɗora a saba, amma ranar mitin ka ce "a buga min a takarda" ko "turo min ta WhatsApp", ka kashe abin da hannunka. Kowa zai gane cewa fayil na gaskiya shi ne wanda ke wayarka, na saba kuwa na ganin ido ne. Amma ranar da ka buɗe ta a gaban kowa ka ce "aikin wane ba a taɓa shi ba tun watan jiya, me ya faru?", wallahi kafin la'asar kowa ya tuna kalmar sirrinsa. Ranar da aka ce ba takardar biya sai ta dace da abin da ke saba, ɗan kwangila da kansa zai riƙa tuna wa jami'i ya sabunta.

Ga 'yan uwana ma'aikata kuma: gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba wanda zai ƙwace maka sanin aikinka don ka ɗora fayil. Hasali ma kariya ce gare ka. Ranar da aka zo bincike aka ce kai ka canza adadi, sawun nan da kake tsoro shi zai wanke ka. Za ka tafi hutu ba a kira ka kana tsakiyar biki a ƙauye ana tambayar ina fayil. Kuma dukkanmu masu tafiya ne, ko canjin wurin aiki, ko ritaya bayan shekara 35 ko cika 60, ko wadda ba ta sallama. Ni dai ba na so bayan raina a tura wani ya tsaya a ƙofar gidana yana sosa ƙeya yana tambayar iyalina kwamfuta.

Jiya da yamma na ɗora nawa guda uku. Ɗaya sai da na kira akanta muka yi kusan awa biyu kafin muka yarda da wanne ne na gaskiya, kuma kuskuren nawa ne, ba nasa ba. Na ji kunya kaɗan, amma gara yanzu da ina nan ina iya ba da amsa.

Ku da ke wasu ma'aikatun, na jiha da na tarayya da ƙananan hukumomi, yaya abin yake a wurinku? An fara, ko har yanzu filashi ne a aljihun kaftani? Wanda aka yi a wurinsu ya mutu, ya gaya mana me ya kashe shi, mu kauce masa. Amma a yi hattara, kada a kama sunan kowa.

Allah Ya jiƙan abokin aikinmu da sauran magabatanmu, Ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka. Amin.